Haƙorin Mashkura Bai Kashe Ki Ba, Inna

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Safar, Allah ya karɓi ran Inna Halima Sa'adiya ta Lolo, a asibitin Bagudo.

Inna, ba ke kika haife ni ba, amma a tsakar gidanki na yi famfara, kamar rabin yaran unguwarmu. Ke kike riƙe mana hannu mu jefa haƙorin kan rufin ɗaki, kina cewa, "Ruhe bakinka, kar ƙadangare shi ga giɓin." Daga nan sai ki cika mana hannu da ƙuli-ƙuli, wai mu gwada sauran haƙoran.

Shekaru kina lallaɓa ciwon sukarinki da ƙwayoyin asibiti, har ranar da wani mutum ya tsallako daga Benin da farar riga da lasifika, ya kafa rumfa a kasuwar Lolo. Ya ce likitocin duniya sun gano ƙwayoyin halitta a cikin haƙorin famfara, masu sabunta duk abin da ya lalace a jiki. Titilayo, nas ɗin da ke duba ki, ta ce binciken gaskiya ne, amma har yanzu gwaji ake yi, kuma ƙwayoyin halittar nan mutuwa suke in ba a adana haƙorin cikin sanyi na musamman ba tun faɗuwarsa. Ba wanda ya saurare ta.

Ga abin da na gani bayan nan. Magidanta masu gemu bisa rufin ɗakuna, suna tonon haƙoran da suka shekara cikin kashin tsuntsaye. Shi kuwa ya daka su a turmi, ya kwaɓa da ruwan leda, ya zuƙa a sirinji. Da aka ce na jika ya fi ƙarfi, 'ya'yanki suka ɗaura wa jikarki Mashkura zare a haƙorin da bai gama girgiɗa ba, suka fizge. Kin ce ba ki so, sai da suka yi ta roƙonki kika miƙa hannu. Ya kuma sa aka ɓoye ƙwayoyinki na asibiti.

Hannun ya kumbura, ya yi ruwa, aka kai ki asibitin Bagudo, ba ki dawo da rai ba. Kafin a yi addu'ar uku, mutumin ya kwashe rumfarsa ya haye iyaka da turminsa. Tir da shi, tir da kasuwar da ta ba shi wuri.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya yalwata kabarinki, ya sa ciwon ya zama kaffara. Ina yi wa 'ya'yanki Lawal da Manu da dukan dangi ta'aziyya, Allah ya ba mu haƙuri.

Ta'aziyyata mafi nauyi ga Mashkura take. Ranar zaman makoki ta ja rigata, hannu a baki, ta ce, "Kawu, haƙorina na yak kashe Inna?" Na ce mata a'a, kuma zan ci gaba da faɗa mata har ta yarda. Sabon haƙorin ya fara leƙowa, Inna, amma har yau ba ta sauke hannun ba.