Takardar Hoton Cikina Ta Yi Wata Uku a Aljihun Malam

Salamu alaikum mutanen shafin nan. Shekara ashirin da ɗoriya ina haɗiye wannan magana. Yau zan faɗe ta, wanda zai ji haushi ya ji.

A 1998 ina da cikin fari, muna zaune a Bungudu. Da cikin ya kai wata bakwai ƙafafuna suka kumbura, sai maigidana, Malam, ya kai ni wani asibitin kuɗi a Sabon Gari, Gusau. Aka shafa mini mai a ciki, aka yi hoto. Likitan ya daɗe yana kallon allon. Da ya gama ya ce in jira a waje, ya kira Malam.

Cikin nawa ne, amma ni aka fitar.

Da Malam ya fito na tambaye shi, ya ce, "Babu komi, lahiya lau." Ya ninke wata takarda ya sa a aljihu.

Ga abin da likitan ya gaya masa, wanda ban sani ba sai daga baya. Leɓen jaririn a tsage yake, kuma mai yiwuwa tsagar ta shiga har ganɗa, wato rufin baki daga ciki. In haka ne ba zai iya tsotso ba. A haihu a asibiti, a koya wa uwar yadda za ta ciyar da shi.

Malam ya kai maganar wurin mahaifiyarsa. Suka yanke shawarar kada a tayar mini da hankali. Aka kwashe ni zuwa gidanmu a 'Yandoto, goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari.

Na haifi mace, leɓenta na sama a tsage har hanci. Mata suka yi salati, suka ce haka Allah ya so, kuma gaskiya ne. Amma ta kama nono ta kasa ja. Ɗan abin da ya shiga bakinta ta hanci yake dawowa.

Gwaggo, yayar babana, ita ke yi mini wankan jego. Ta ce, "Ai mun ga masu irin leɓen ga, sun sha nono sun girma. Nonon ne ba shi da kyau." Aka tatsa a ludayi, aka jefa tururuwa a ciki don gwaji. Tururuwa ta mutu. Wace tururuwa ce za ta yi iyo a ludayi ta rayu, don Allah? Shi ke nan aka yanke wa nonona hukunci. Ni aka ɗura mini saiwoyi masu ɗaci, jaririyar kuma ana ɗiga mata ruwa da nonon akuya tana kwance, tana shaƙewa.

Kuma kun san kunyar ɗan fari. Ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka kiran sunansa, ba ka nuna ka damu. Rannan na matsa zan buɗe bakinta in duba, Gwaggo ta daka mini tsawa: "Ke, mi kike kallo? Ba ki da kunya?" Na ja da baya. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan ja da bayan.

Ranar suna Malam ya zo, aka yanka rago, aka ci aka sha. Takardar tana aljihunsa.

Kwana goma sha ɗaya, kukanta ya koma kamar na ɗan mage, maɗigarta ta faɗa. Na aika a kira shi. Da ya gan ta, ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Daman likita ya hwaɗi."

Na ce, "Ya hwaɗi mi, Malam?"

Ya ciro takardar, har ta fara yagewa a wurin ninkin.

Ban yi kuka ba. Na goya 'yata a gaban Gwaggo da kowa, na fita titi da ɗanyen jego, na tari motar Tsafe, daga can na hau ta Gusau. Malam yana bina yana ba ni haƙuri, ko waiwaye ban yi ba.

A asibiti wata nas ta haska bakin da tocila, ta nuna mini ramin da ke ganɗar. Ta ce, "Nononki lafiyarsa ƙalau, hanyar jan ce babu." Aka sa mata ƙarin ruwa. Aka koya mini in tatsa a kofi mai tsabta, in zaunar da ita tsaye a cinyata, in ba ta da cokali kaɗan-kaɗan. Abin da za a koya mini ke nan tun kafin haihuwa, bai fi zaman wuni ɗaya ba.

Sati uku muka yi a kwance. Daga baya aka ɗinke leɓen a Sakkwato, bayan ta shekara aka gyara ganɗar. Awakina duka suka tafi a wannan jinya, ban yi nadama ba. Allah ya saka wa nas ɗin nan da alheri. Malam kuwa na yafe masa tun kafin ya rasu, amma ban manta ba.

Abin da ya tayar da maganar, 'yar tawa yanzu tana da ciki. Ta tambayi likita ko abin yana bin jini, ya ce yakan bi, akwai hoto da gwaje-gwajen da za a duba. Na raka ta. Da aka gama hoton, likitan ya waiga yana neman mijinta. Na ce, "Likita, ga mai cikin nan a gabanka, ita za ka gaya wa." Ya gaya mata, ya sa takardar a hannunta.

Mata, ku je awo, ku yi hoto, ku tambaya da bakinku, ku riƙe takardarku. In jariri ya kasa tsotso, a duba cikin bakinsa a asibiti kafin a zagi nono. Maza, ɓoye mana ba tausayi ba ne.

Kunya ta kusa kashe mini 'ya, don haka ni da kunya mun raba gari. 'Yar fari ce, kuma sunanta Rabi'atu. Na faɗa.