Baba Tela, Mai Kai Saƙo Baki a Rufe

Shekara talatin da huɗu ke nan ƙarfe bakwai na safe ba ta samun Baba Tela a gida, sai in jinya ce ta kwantar da shi. Zai buɗe ƙofar shagon nan mai kuka, ya share gabansa da gaban na maƙwabcinsa mai gyaran rediyo, ya ɗiga wa keken ɗinki mai, ya rataya tef ɗin awo a wuya, sannan ya jera fil uku a baki. Daga nan kuma magana ta ƙare. In ka gaishe shi ya ɗaga gira, in ka yi ƙorafin ɗinkinka ya makara ya nuna maka benci da haɓa. Shagon ɗaki ɗaya ne tal: keke a bakin taga, teburin yanka, dutsen guga, benci mai ƙafa ɗaya a kan bulo, da wani koren labule da ya raba wurin awo da wurin jira. Asabar ɗin da ta wuce ya rufe shi, domin ido ya fara gardama, zare ya daina shiga allura. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da bawan Allahn nan ya yi tun yana ji da kunnensa.

A ƙarshen layin shagon akwai wani gida mai doguwar katanga, na wata ƙungiyar addini da mutanenta ke kira Gida kawai. Masu ibada ne, masu sammako, kuma shugabansu Jagora suke ce masa. Duk wanda ya shiga zai tuɓe kayan da ya zo da su ya sa riga mai ruwan toka irin ta kowa, riga ba aljihu, don Jagora ya ce ta aljihu duniya ke shiga zuciya. Dokarsu mafi nauyi kuwa ita ce wanda ya fita ba a sake yi masa magana, ko da ciki ɗaya kuka fito. Baba Tela bai taɓa zama ɗan Gida ba, ko wa'azinsu bai taɓa halarta ba. Ɗinki aka ba shi. Sau biyu a shekara ake turo masa mutanen ɗaya bayan ɗaya ya auna su.

Ranar rufe shagon, tsofaffin 'yan Gida da suka fito, su kusan ashirin, ne suka cika wurin har bakin titi, da fulas ɗin shayi da kwalin biskit. Direba, wani ƙato mai dariya da dukan jiki, shi ya buɗe hira.

"Wallahi shekara biyu bayan na fito, makullin mota a baki nake riƙewa," in ji shi. "Matata ta ce, Malam, ga aljihu har huɗu a jikinka, me kake tsotso?"

"Kai da ka mai da hula aljihu?" in ji Uwar Biyu, mai kanti a kasuwa. "Ba kai ne ka sunkuya gaban Jagora gyaɗa ta zubo ba?"

"Alewa ce! A daina ɓata mini suna, alewa ce!"

Aka kwashe da dariya har mai gyaran rediyo ya leƙo. Suka tuna ƙararrawar asuba da wani ya taɓa cusa wa safa, aka yi barci har hantsi, washegari aka sa kowa azumi. Suka tuna ranar da Uwar Biyu ta yi gyangyaɗi a tsaye tana jan waƙar yabo, sauran suna ta maimaita baiti ɗaya don ba wanda ya isa ya wuce mai ja. Ba kuma zagin Gida suka taru yi ba. Uwar Biyu ta ce a faɗi gaskiya, a can ba wanda ya taɓa kwanciya ciwo shi kaɗai, kuma a can ta koyi karatu. Kowa ya gyaɗa kai.

Sai Direba ya nuna wani dogon katako a saman shagon, wanda yanzu ba komai a kai. Kayan da sababbin shiga suka tuɓe, Baba Tela ake kawo wa ya yanka su tsumman goge-goge. Bai taɓa sa musu almakashi ba. Daga ƙyallayensa yake haɗa musu tsumma, kayan mutane kuwa ya wanke ya goge ya ɗaure, ya yi wa kowane ƙunshi alama da alli.

"Ranar da na fito ban san inda na nufa ba," in ji Direba. "Kunya ta hana ni shiga mota da rigar toka. Na tsaya nan ƙofa kamar an dasa ni. Baba ya dube ni, ya taka kujera, ya sauko da wandona da rigata na shekara bakwai. Wandon ya yi mini yawa, nan take ya rage shi. Uffan bai ce ba."

"Yanzu ko ƙafarka ɗaya ba za ta shiga ba," in ji Uwar Biyu.

Baba Tela, kai ne ka ajiye wa mutane kayansu tun su kansu ba su san za su dawo nema ba. Ba ka taɓa ce wa kowa ya fito ba, ba ka kuma taɓa ce wa wanda ya fito "ai na gaya maka" ba.

Mutum ɗaya ce dariyarta ba ta kai ciki ba ranar, wato Nas, wadda ta zo da fararen kayan asibiti ta zauna a ƙarshen benci, shayinta ya huce a hannu. Ita ta fara shiga Gida, ita kuma ta ja ƙanenta Auta yana ɗan shekara sha tara. Bayan shekara shida ta fito jinyar mahaifiyarsu, shi ya zauna. Yau shekara goma sha ɗaya bai ce mata ko sannu ba, kuma abin yana cinta, don kullum gani take ita ta kai shi ta baro. Hanya ɗaya ce ta rage tsakaninsu, ita ce wannan shagon da ake rufewa.

Ga yadda hanyar ta samu. Watanni kaɗan da fitowarta ta zo shagon tana kuka, ta ce Inna na kwance tana kiran Auta, an hana ta ko ƙofar Gida. Baba Tela ya zare fil ɗin bakinsa ɗaya bayan ɗaya, abin da maƙwabta suka san ba ya faruwa a banza.

"Laraba ƙarfe goma ki zo karɓar ɗinki."

"Baba, ai ban kawo ɗinki ba."

"Ki zo dai, 'yata."

Ranar Laraba Nas ta zo ta zauna a benci. Labule a sake, a ƙarƙashinsa ta hango ƙafafu biyu da ko a cikin dubu za ta gane. Baba Tela ya leƙo, tef a hannu.

"Dokarsu ta ce kada su yi magana da wanda ya fita," in ji shi da ƙarfi, yadda na ciki zai ji. "To ni ban shiga ba balle in fita. Duk mai magana a shagon nan, ni zai gaya wa."

Ya mai da fil baki ya koma ciki. Nas ta fuskanci labulen.

"Baba Tela, ka gaya wa wanda ya kamata ya ji, Inna ta fara tashi zaune, amma kullum sai ta tambaye shi."

Sai daga bayan labule aka ce, "Baba, ka gaya wa mai tambaya ina nan lafiya. A ce wa Inna ina yi mata addu'a."

Baba Tela bai gaya wa kowa komai ba. Abin da kawai aka ji daga gare shi shi ne "ɗaga hannu." Kafaɗa ɗaya ya auna har minti arba'in.

Tun daga nan abin ya zama tsari, ba na Nas kaɗai ba. Da an turo masa jerin waɗanda za a auna, sai ya aika wa iyaye da 'yan'uwa cewa ɗinkinsu ya kammala. Ta labulen nan labarin aure ya wuce, da na haihuwa, da sunan jariri, da faɗan uwa ga ɗanta cewa ya rame. Uwar Biyu ta ce ita ta labulen ta yi wa yayarta tsiya son ranta, Baba na ta shan zagin da ba nasa ba. Ta nan ne kuma Nas ta sanar da Auta rasuwar Inna. Ranar Baba Tela bai ce a ɗaga hannu ba, keke ya hau ya yi ta takawa babu ƙyalle a ƙarƙashin allura, don kada masu wucewa su ji kukan namiji. Da mataimakin Jagora ya zo tambayar abin da ke sa awo daɗewa, Baba ya ce shi tela ne mai nawa, in suna da mai sauri su kai can. Ba su kai ba.

To yanzu mai nawa ya ajiye aiki. Nas ta san Auta zai zo ƙarfe huɗu karɓar rigunan ƙarshe, ta kuma san daga yau sai dai ta hango katanga. Ta shirya maganganu cike da baki. Sai da ta ɗaga kai ta lura cewa ƙusoshi biyu ne kawai a bango: Baba ya sauke labulen tun safe, ya ninke shi cikin kaya.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna Auta ya iso cikin rigar toka. Ganin taron ya sa ya ja birki a ƙofa. Hira ta mutu, Direba ya tsaya da biskit a hannu. Auta ya nemi inda zai ɓuya bai samu ba, sai ya kafe idonsa a kan tsohon.

"Baba, ka gaya wa..."

"A'a, ɗana." Bakin Baba Tela ba fil ko ɗaya. "Na ajiye aiki tun azahar, keke ma ga shi an ɗaure. Ban ce ka bar Gidanku ba, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Amma ni na tsufa. Wata mai zuwa mai sayar da katin waya za ka tarar a nan, shi kuma ba ya awo. Ga ta nan zaune, taku uku ne."

Auta ya tsaya, hannunsa na murza gefen riga. Ya dubi ƙasa, ya dubi titi inda katangar Gida ke hange. Nas ta riga ta sallama cewa juyawa zai yi. Sai ya ɗago ya dube ta sosai, karon farko cikin shekara goma sha ɗaya.

"Yaya," in ji shi, "kin yi furfura."

"Kai kuma ka yi sanƙo, mara kunya!"

Kuka da dariya suka haɗe mata, shayin ya kife a farar riga, ba ta ko duba ba. Uwar Biyu ta rangaɗa guɗa, Direba ya juya baya yana cewa ƙurar shago ce ta shiga masa ido. Aka matsa wa Auta wuri a benci. Awa guda ya yi a zaune kusa da yayarsa kafin ya ɗauki rigunan ya koma Gida, kuma ba wanda ya tambaye shi abin da zai yi gaba.

Baba Tela, mun gode. Kai ne mai shiru da ya fi masu baki isar da saƙo. Allah ya ƙara lafiya, ya haskaka idon, ya saka maka da abin da ya fi wannan. Mu kuma da ke karantawa, da wuya a rasa mutum biyu a kusa da mu da suka daina gaisawa. Ba sai mun yi musu wa'azi ba, a samar musu benci da dalilin zuwa, a kuma iya kama baki.

Safiyar Litinin Nas ta ɗauki hutu a asibiti. Auta ne ya ce yana so a nuna masa kabarin Inna, kuma da bakinsa ya gaya mata.