Zanen Fuskar Dada Mabruka

A ƙarshen shekarar 1962, wata safiya ina tsintar dabinon da ya zubo a gonar da Baba yake wa ban ruwa a gindin dutsen Uhudu, sai ga Dada Mabruka ta shigo ba takalmi. Shekarata takwas. Dada tsohuwa ce baƙa irinmu, baiwa a gidan masu gonar tun tana yarinya, lokacin da wasu suka zo da ita aikin Hajji suka sayar da ita. Ta zauna a bakin kwatar ruwa ta gaya wa Inna da Larabci cewa an yi shela a rediyo, an hana bauta a ƙasar nan. Inna ta rangaɗa guɗa. Dada ba ta yi murmushi ba, ta ce, "To yanzu ina zan nufa, ya ukhti, 'yar'uwata?"

Ba ta san garinsu ba. Hausar da ta rage mata ba ta wuce "ruwa" da "sannu" da "zo nan" ba. Ta ci gaba da zama a gidan, tana wanki da niƙa kamar da, amma duk Juma'a takan zo wurinmu ta ci tuwo, ta taya ni tsefe kai, ta zauna tana kallonmu muna 'yar carafke da ƙwallayen dabino. Abin da ta zo da shi daga gida ɗaya ne, zanen da aka yi mata a kumatu tana jaririya. Inna takan ce, "Wanzami yana karanta fuska kamar yadda malami yake karanta allo."

Da alhazai suka zo ziyara a zafin shekarar da ta biyo, Baba ya ji labarin wani tsohon wanzami a masaukinsu. Dada ta ce ba za ta iya buɗe fuska gaban taron maza ba. Sai Inna ta zaunar da mu gefe da gefe, ta ɗauki kwalli, ta kwafe zanen Dada a kumatuna layi bayan layi, ta gargaɗe ni kada in taɓa. A hanyarmu ta zuwa wurin wanzamin, Baba ya ajiye ni a inuwar masallaci ya shiga salla. Yara suna tsallen igiya, na shiga. Gumi ya keto, na share da gefen mayafi, sai na ga baƙi a jikinsa. Tsoron bulala ya kama ni. Na samu guntun gawayi wurin mai shayi, na leƙa bayan farantinsa kamar madubi, na sake zanawa. A dama na tabbata huɗu ne. A hagu ban sani ba ko huɗu ko biyar, na ja biyar.

Wanzamin ya riƙe haɓata ya daɗe yana dubawa, sannan ya kira sunan wani gari. Ba zan rubuta shi a nan ba, kada in ƙara wani kuskuren. Kafin mu isa gida Baba ya sa na wanke fuska, don haka ba wanda ya gani. Dada ta sa aka maimaita mata sunan har ta iya. Juma'ar da ta biyo na zauna kusa da ita na ƙirga a ɓoye. Huɗu ne a hagun.

Shekara goma sha ɗaya tana aika saƙo garin nan ta hannun alhazai, da dabino a ƙulli, ko akwai wanda aka taɓa sace wa yarinya. Amsa ba ta taɓa zuwa ba. Kowace shekara ina cewa bana zan faɗa, sai in ga yadda take gabatar da kanta da sunan garin, in fasa. Wataƙila layi ɗaya ba ya canza gari. Na tambayi wanzamai uku bayan na girma, biyu suka ce yana canzawa.

Yanzu gonar ta zama benaye da rumfunan masu sayar wa baƙi tsaraba. Jikokina suna ɗaukar hoto su aika Nijeriya kafin shayi ya huce, in yi musu Hausa su amsa da Larabci, ba mai zane a cikinsu. Dada tana kwance a maƙabartar da ba a rubuta sunan kowa, ban san ma inda zan tsaya ba. Na gaya wa Allah sau ba adadi. Ita ce ban gaya wa ba.