Salansar Motar Yallabai

Abubuwa da yawa sun faru da ni a Doha na manta da su, amma safiyar da aka tayar da motar Yallabai a Sanaiya, unguwar masana'antu da garejoji, tana nan daram a raina, kuma na san da ita za a binne ni.

Yallabai shugabana ne a wurin aiki, injiniya ɗan Zariya da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gindin manyan injunan tura iskar gas. Da ritayarsa ta matso sai ya sayi wata tsohuwar motar Amurka, mai dogon hanci da silinda takwas, irin wadda ya ce tun yana ɗalibi yake kallon hotonta yana haɗiyar yawu. Niyyarsa a gyara ta, ya sa ta a jirgin ruwa zuwa gida. Da yake ya san ni da haukan mota tun ina Kano, ni ya ɗora wa bibiyar aikin.

Komai ya tafi daidai sai da aka zo kan salansa. Tsohuwar ta ruɓe, da yatsa ma kana huda ta. Irin wannan inji bututu biyu ne ke fitowa daga cikinsa, kuma yadda aka haɗa su a ƙarƙashin mota shi ke ba ta murya. In aka gitta su kamar harafin X, motar takan ƙara ɗan ƙarfi a babban gudu, kukanta kuma ya yi siriri da kaifi. In kuwa aka bar su a jere aka sada su da gajeren bututu kamar harafin H, sai ta riƙa gurnani mai kauri daga ƙasa. Samarin da ke taruwa duk Asabar a garejin da ake gyaran bakinsu ɗaya, X ce ta zamani. Har ɗayansu ya tayar da tasa motar mai X ya taka mata wuta don Yallabai ya ji. Yallabai ya gyaɗa kai, ya ce abin da yara suka zaɓa shi za a sa, khalas, magana ta ƙare.

Ni kuwa ban yarda ba, kuma ina da dalili. Na daɗe da lura cewa wayar ofis takan yi ta ringi a gabansa bai motsa ba sai ya ga fitilarta. A taro bakin mai magana yake kallo. Na taɓa zama a falonsa a unguwar Al Wukair jikarsa tana ta kiransa daga bayan kujera, bai waiwaya ba har ta gaji ta tafi. Amma babbar mota ta wuce a titi, nan take zai ɗaga kai. Injuna sun cinye masa jin siririn sauti, mai kauri kawai suka bar masa. Duk ofis an sani, ba mai iya faɗa, shi ma bai taɓa ɗaga zancen ba.

Bayan la'asar na same shi a gida na ce ina neman izini a sa H. Ya haɗe rai.

"Motar nan tawa ce ko taka?"

"Taka ce, Yallabai. Shi ya sa nake roƙo."

Na ce in aka gama bai so ba, ni da kaina zan tsaya a yanke ta a sa X. Bai tambayi dalilina ba, ni ma ban faɗa ba. Ya ce in yi abin da na ga dama, ya kunna talabijin.

Daga nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Abokan aiki suka yi ta yi mini faɗa, wai mutumin da zai faɗi wanda zai gaje kujerarsa shi zan ɓata wa rai a kan bututun hayaƙi. Gaskiyarsu ce ta wani gefen, amma ko sau ɗaya ban yi tunanin janyewa ba. Na san abin da na gani. Na tsaya a kan mai walda, wani Basudane mai haƙuri, har ya haɗa bututun da tukwanen salansa masu matsakaicin ƙara, don kada motar ta faɗi a wurin gwajin lafiyar motoci.

Ranar Asabar aka sauke ta daga kan ƙarfen ɗagawa. Tun da safe zafi ya riga ya sauka. Yallabai ya zo cikin farar kaftani, bai ko kalle ni ba, ya shiga ya murɗa makulli. Motar ta yi tari sau ɗaya, sannan ta kama wani gurnani da ya sa kofunan shayin karak rawa a kan benci. Ya ɗora hannayensa biyu a kan sitiyari yana saurare. Ya kashe ta, ya sake tayarwa. Ɗaya daga cikin samarin ya ce ba laifi, amma da X ce da ta fi haka. Yallabai ya leƙo ta taga ya ce mini, "Yalla, shigo."

Mun yi nisa a hanyar gida kafin ya gangara gefe ya tsaya, injin yana ci gaba da aiki. Ya tambaye ni tun yaushe na san kunnensa ya yi nauyi. Na ce da daɗewa. Ya ce ranar da yaron nan ya taka masa motarsa, ɗan shuu kawai ya ji, kunya ce ta sa ya gyaɗa kai.

"Wannan kuwa har cikin ƙirjina nake jin ta," in ji shi. Sannan ya ce in nemo masa likitan kunne, kuma ni zan raka shi.

Kafin ya bar Qatar an sa masa na'urar ji. Kujerar tasa wani aka ba, ban kuma ji zafi ba. Da motar ta isa Zariya ya kira ni yana dariya, wai yanzu in zai tayar da ita sai ya rage na'urar, ashe haka maƙwabta suke fama.

Abin da na koya shi ne, in mutum ya ba ka amanar zaɓi, kada ka tsaya a kan abin da bakinsa ya faɗa a gaban jama'a. Ka dube shi da kyau, ka gane abin da zai amfane shi. In ka tabbata, ka faɗa masa a gaban idonsa cikin ladabi, sannan ka jure fushinsa.