Dutse Mai Lamba Bakwai

Duwatsu goma sha biyu na kwaso daga tsaunukan Biu lokacin da nake digiri na biyu, baƙaƙe ƙirin, masu nauyin tsiya. Tun zamanin da ba kowa, ƙasa ta tsage a can, narkakken dutse ya malalo kamar kunu, ya shimfiɗu, ya sandare. Aikina in gano sinadaran da ke cikinsa. Na rubuta wa kowanne lamba da farin fenti, na jera su ƙarƙashin gado a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi.

Inna, mahaifiyata, dariya abin yake ba ta. "Ke 'yar nan, duk karatun duniya ki rasa na yi sai na tsakuwa?"

Da ciwo ya kwantar da ita, har taɓa ruwa ya gagare ta, sai ta sa aka ɗauko mata mai lamba bakwai don ya fi faɗi, ta riƙa taimama da shi. Na yi faɗa, wallahi na yi. Na ce kayan bincike ne, maiƙon hannu zai ɓata shi. Ta ce, "Bar shi ya yi aikin lada ko sau ɗaya."

Wata takwas tana dafa shi kullum, har fuskarsa ta yi sumul. Bayan rasuwarta gida ya watse, na koma ɗaki ɗaya a Tarauni. In na dawo ba mai ce min sannu. Dutsen nake tararwa a kan taga, wani lokacin har sallama nake masa.

Sai malamina ya ce in kawo na bakwai. Shi kaɗai na samo daga can ƙasan shimfiɗar narkakken dutsen nan, in babu shi aikina bai cika ba. Kuma niƙe dutse ake yi ya zama gari kafin a auna. Mako uku ina ƙaryar zazzaɓi. Daga ƙarshe na naɗe shi a ɗankwali na hau adaidaita zuwa jami'a, ina jin haushin kowa.

Dattijon da ke kula da injin yankan dutse ya jujjuya shi ya taɓe baki. "Malama, hannu ya ɓata nan. Cikin muke so." Ashe baƙin ciki ya mantar da ni ƙa'idar da na haddace: ba a auna bayan dutse. Ya yanke fuskar nan mai santsi ɗungurungum, ya nufi kwandon shara da ita.

"Baba, tsaya!"

Ya miƙo min ita jiƙe da ruwan injin, yana tambayar me zan yi da shara. Na goge ta da bakin mayafina.

Na ce, "Na Inna ne."