Ayabar da Ba ta Sayarwa Ba

Shekara hamsin Nini Sarbanun ta yi tana talla a kwalekwale a Kampong Ayer, unguwar nan ta Brunei da gidajenta ke tsaye kan turaku a cikin kogi. Gado ta yi wajen uwarta. Da ƙatuwar malfarta take bi taga-taga da kifi da barkono da ayaba, matan gida su zuro kwando da igiya, a yi ciniki, a taɓa gulma. Gulmar ma ta fi cinikin yawa.

Da aka gina kasuwa a tudu, masu zuro kwando suka yi ta raguwa, wasu ƙaura, wasu mutuwa. Dole ta jingine filafilinta.

Ana nan sai ga Awang Matassan, mai yawo da baƙi 'yan buɗe ido.

"Iya, zama kawai za ki yi a kwalekwale daura da masallaci, baƙi su ɗauki hoto. Ni zan kawo kayan."

"Wa zan sayar wa, ɗan nan?"

"Ba kowa. Na ado ne."

"Ikon Allah! Ayaba ma ta samu aikin ofis."

Ta dai karɓa, don zaman ɗaka ya ishe ta. Kwana uku tana murmushin dole, ba wanda ya taya ko barkono ɗaya. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Rana ta huɗu da hantsi ta hango kwando yana lilo daga wata taga can ƙetare. Tagar Dayang Limah ce, tsohuwar abokiyar cinikinta, wadda ciwon ƙafa ya zaunar shekara da shekaru. Sarbanun ta kunce igiya ta tsoma filafili. Baƙi sun saita na'urorinsu, Matassan yana ta "Iya! Iya, ina zuwa?" Ko waiwaye. Kafin ta isa, kafaɗunta kamar za su cire.

"Tsohuwar banza!" in ji Limah daga sama. "An ce kin dawo ruwa. Kwana uku ina zuro kwandon nan!"

"Ke dai ba kya canzawa. Ayabar ba ta sayarwa ba ce."

"To uban me kike yi a kogi?"

Sarbanun ta ɗora nonon ayaba guda a kwandon. Limah ta ja da ƙyar, ta lallatsa, ta yatsina fuska.

"Ba ta ma nuna ba. Sai kin rage mini."

Sarbanun ta jawo malfa ta rufe idanunta da suka cika da ƙwalla.

"Albarka," ta ce.