Kalma biyu a littafin Malam Garba

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana, Malam Garba, wanda ya yi aikin rubuta shari'a a wata kotun alƙali a ƙasar Haɗejiya. Abin da ya tuno mini da shi, ban da zagayowar watan, shi ne wannan sabon littafin dokar laifuffuka da ake ta magana Gwamnati za ta kawo wa kotunan En'e, wato na hukumar gargajiya. Wani abokin aikina a makarantar elementare ya karanta mini wani yanki. An raba kisan kai gida-gida, an faɗi abin da ake kira rauni da abin da ake kira rauni mai tsanani, har karyewar haƙori an ba ta wurinta.

A zamanin Yaya, alƙali kan duba littattafan Malikiyya. Wanda ya kai wa wani duka cikin husuma har ya mutu, ya yi kisan ganganci, dangin mamaci suna da ikon neman ransa. Wanda abu ya kuɓuce masa ya sami mutum, kisan kuskure ne, sai diyya. Tsakanin biyun, sau da yawa, bakin shaida ne kawai. Da Larabci ake rubuta shari'a, amma Yaya yakan sa ainihin kalmar shaida da ajami a gefen takarda.

Wata shekara da ruwa ya janye daga fadama, masunta suka yi cunkoso a wani tabki wajen Kaugama. Kwalekwalen wani Babarbare, Modu, ya sarƙe da na Idi, ɗan baffanmu. Aka yi cacar baki. Filafilin tuƙin Modu ya sauka a ƙeyar Idi, Idi bai kai la'asar da rai ba. Mutum ɗaya ne ya gani da kyau, wani tsohon masunci. Ranar farko ya ce a gaban alƙali Modu yana ƙoƙarin ture kwalekwalensa ne, filafilin "ya same shi". Da aka dawo zama na biyu, bayan ya sha zarya gidan makoki, sai ya ce Modu "ya buga masa".

Ina zaune a zauren Yaya da hantsi Baffa ya shigo, ya ƙi hawa tabarma.

"Garba, tsohon nan ya gyara maganarsa. Kai ma ka gyara takardarka."

"Baffa, na rubuta ta biyun. Ta farkon ce ba zan goge ba."

"Idi fa ƙanenka ne. A bayanka ya yi wayo."

"Na sani, Baffa. Ni na yi masa wanka."

Alƙali ya sa aka karanta maganganun biyu a gaban tsohon, ya tambaye shi wacce zai rantse a kanta. Tsohon ya ce idonsa ba kamar da ba. Aka yanke kisan kuskure. Da takardun suka je gaban Joji, bai taɓa hukuncin ba. Modu ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Birniwa. Baffa kuwa bai sake taka zauren Yaya ba, ko da Yaya ya kwanta ciwon ajali.

Ban san abin da ke zuciyar Modu a ranar ba. Yaya ma bai taɓa cewa ya sani ba. Sau ɗaya na tambaye shi, ya ce aikinsa ya tsaya a abin da aka faɗa a gabansa.

Da yana raye, ina jin sabon littafin zai burge shi, domin mutum ne mai son a kira kowane abu da sunansa. Zai yi gardama da sashen da ya sassauta wa wanda aka tsokana har ya yi kisa, don malamansa ba haka suka koya masa ba. Amma na tabbata da ya rufe littafin zai tambaya wa zai riƙa rubuta maganar shaidu, kuma ɗan gidan wa ne.

Bai bar gona mai yawa ba, littattafansa ma an raba wa malamai. Gidanmu da gidan Baffa har yau gaisuwar hanya ce kawai tsakaninmu, kuma ba zan ce wa 'ya'yan Idi su manta ba. Kwanan baya wata shaida ta kai ni kotun. Malamin da ya gaji kujerar Yaya, wanda a hannunsa ya koyi aiki, ya rubuta abin da na faɗa, ya karanta mini daga farko har ƙarshe, ya ɗago kai.

"Haka ka ce, Malam?"

Na ce haka na ce. Sai a lokacin ya bar ni na tashi.